Ra'ayinmu: Shugaba Darman, ɗan majalisar da aka ce ba ɗan ƙasa ba ne

A ranar 24 ga watan Janairun 1980 jami'an shige da fice na Najeriya suka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman a Maiduguri, suka fitar da shi daga ƙasar, suka ajiye shi a Chadi. Mutumin da aka yi wa wannan aiki shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, wato jagoran wakilan jam'iyyar da ke mulkin jihar, wanda jama'a suka zaɓa da ƙuri'unsu wata shida kacal kafin wannan rana. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a kuma ba shi damar ya kare kansa ba. Takarda ɗaya ce ta fito daga Legas, babban birnin tarayya na lokacin, ɗauke da sa hannun ministan cikin gida Alhaji Bello Maitama Yusuf, tana cewa wannan mutum baƙo ne da doka ta hana wa zama a Najeriya, don haka a fitar da shi ba da ɓata lokaci ba. Shugaba, don kada mai karatu ya ruɗe, sunansa ne da aka san shi da shi, ba muƙami ba.

Mun tono wannan tsohon labari ne domin ku, ƴan kasuwar da ke karanta wannan shafi a Birnin Ƙonni da Maraɗi da Matamaye da Magarya da Gaya da Difa, da takwarorinku na Illela da Jibiya da Mai'adua da Maigatari da Kamba. A rumfa ɗaya ta kasuwar kan iyaka da wuya a tara mutum goma a ce kakanninsu duka a gefe ɗaya na iyaka aka haife su. Wannan mahaifinsa Bagobiri ne daga Tsibiri, mahaifiyarsa ƴar Sabon Birni. Wancan an haife shi a Daura, ya yi karatun allo a Damagaram, ya yi aure a Kance, ƴaƴansa kuma suna makaranta a Kano. Shekara da shekaru wannan bai zama abin damuwa ga kowa ba, kasuwa tana ci, aure yana ɗauruwa. Amma tambayar da aka yi wa Shugaba Darman, wato ina asalin ubanka, tambaya ce da ke jiran kowane ɗayanku a shingen bincike, kuma a ganinmu akasarinku ba su shirya mata amsar da hukuma za ta karɓa ba.

Ga masu karatunmu na Nijar da ba su saba da tsarin maƙwabta ba, bari mu ɗan yi bayani. Najeriya tarayya ce, kowace jiha tana da gwamnanta da majalisar dokokinta. Wannan majalisa ita ke yin dokokin jiha, ita ke amincewa da kasafin kuɗin da gwamna ya gabatar, ita ke tantance kwamishinoni, har ma tana da ikon tsige gwamna, kamar yadda majalisar jihar Kaduna ta tsige Alhaji Balarabe Musa a watan Yunin 1981. Ashe ke nan shugaban masu rinjaye ba ƙaramin mutum ba ne a jiharsa. To sai dai akwai abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa gwamnatin tarayya ita kaɗai, daga cikinsu akwai shige da fice, da kwastan, da fasfo, da maganar wane ne ɗan ƙasa. Ta wannan ƙofa aka shigo wa Shugaba Darman. Gwamnan jiha nasa ne, majalisa tasa ce, jama'ar gari nasa ne, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke da ikon tsayar da motar jami'an shige da fice.

A zaɓen 1979, wanda ya kawo ƙarshen shekara 13 na mulkin soja, jam'iyyu biyar ne suka fafata a jihohi 19. Jam'iyyar NPN ta Alhaji Shehu Shagari ta ci shugabancin ƙasa, amma a Arewa ba ta share fage ba. PRP ta Malam Aminu Kano ta karɓe Kano da Kaduna, ita kuma GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim ta karɓe Borno da Gongola. A Borno, wadda a lokacin ta haɗa har da Yobe ta yanzu, Alhaji Muhammadu Goni ne ya zama gwamna. Shugaba Darman yana cikin waɗanda aka kafa GNPP da su, kuma an san shi da iya magana a kan dandamali, mutum ne mai tara jama'a, mai caccakar gwamnatin tarayya ba tare da shayi ba. Taken jam'iyyarsu, wanda dattawa ba su manta ba, shi ne siyasa ba da gaba ba. Gwamnatin Shagari ba ta cika wata huɗu a kan mulki ba aka nuna wa mabiya Waziri cewa wasu da gaba suke yin tasu siyasar.

Ya kamata a tuna irin ƙasar da aka kai shi. Chadi a farkon 1980 tana zaune ne a kan garwashi. Najeriya da kanta ta shirya tarukan sulhu a Kano a watannin Maris da Afrilun 1979, sannan a Legas a watan Agusta, inda aka kafa gwamnatin haɗin gwiwa ƙarƙashin Goukouni Oueddei, da Hissène Habré a matsayin ministan tsaro. Kowane ɓangare yana riƙe da bindigoginsa a cikin Njamena. A watan Maris na 1980, wata biyu bayan korar Shugaba Darman, faɗa ya ɓarke a tsakiyar birnin, jama'a suka riƙa tsallaka kogi zuwa Kusseri ta Kamaru don tsira da rayukansu. Babu wanda ya fi hukumomin Legas sanin halin da Chadi ke ciki, tunda su ne masu shiga tsakani. Da saninsu suka ɗauki dattijo daga cikin iyalinsa suka jefa shi can.

Abin ya tada ƙura a duk faɗin ƙasar. Jaridu suka ɗauka, jam'iyyun adawa suka yi caa, har ta kai shugaba Shagari ya kafa kwamitin bincike don a gano asalin mutumin, wato bayan an riga an kore shi aka koma neman sanin ko ya cancanci kora. Ita kuwa GNPP kotu ta nufa. Aka shigar da ƙara a babbar kotun jiha da ke Maiduguri, gaban mai shari'a Oye Adefila. Hujjar gwamnati ita ce mahaifin Shugaba daga ƙasar Chadi ya fito, saboda haka ɗansa ma ɗan Chadi ne. Kamar yadda aka ruwaito a lokacin, har wata mata aka kawo daga Chadi tana kuka tana cewa ita ta haife shi. Shi kuwa ya ce bai taɓa ganinta ba, mahaifiyarsa tana nan da ranta a Maiduguri, tsufa ya rage mata gani, kuma mutanen gari sun san ta.

A kan wannan tsohuwa shari'ar ta tsaya. Sashe na 23 na tsarin mulkin 1979 ya ce duk wanda aka haifa a Najeriya kafin ranar samun ƴancin kai, wato 1 ga Oktoban 1960, ɗan ƙasa ne ta hanyar haihuwa muddin ɗaya daga cikin iyayensa, ko ɗaya daga cikin kakanninsa, ɗan wata al'umma ce mai asali a Najeriya. Ɗaya aka ce, ba a ce dole sai uba ba. Sashe na 38 kuma ya ce ba a korar ɗan ƙasa daga Najeriya, ba a kuma hana shi shigowa. Kotu ta gamsu cewa ta wajen mahaifiyarsa Shugaba Darman ɗan Najeriya ne, ta soke takardar korar, ta kuma umarci gwamnatin tarayya ta biya shi diyyar naira 350,000. Matasan ƴan canji za su yi dariyar wannan kuɗi, amma su tambayi iyayensu: a wancan zamani naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun ɗaukaka ƙara da ke Kaduna, a 1982 ita ma ta tabbatar cewa mutumin ɗan ƙasa ne, korarsa ta saɓa wa doka. Waɗannan sassa biyu suna nan a tsarin mulkin 1999, sun koma sashe na 25 da na 41, kuma har yau ɗaliban shari'a a Najeriya suna karanta wannan hukunci.

Mu ɗan tsaya a kan maganar uban, domin a nan ne abin ya fi shafarmu. A ce ma gaskiya ne daga gabashin tafki ya fito. Mutumin da ya haifi ɗan da ya riga ya zama dattijo a 1980, yaushe ya baro garinsu? A zamanin da babu wata ƙasa mai tuta da ake kira Chadi, domin sai ranar 11 ga Agustan 1960 ta samu ƴancin kai. A zamanin da Rabe ya ci Bagarmi, ya ci Borno a 1893, ya kafa hedikwatarsa a Dikwa, yana kwasar mutane daga wannan gari zuwa wancan, har Faransawa suka kashe shi a Kusseri a 1900. Ita kanta Maiduguri a 1907 Turawan Ingila suka kafa ta a matsayin mazaunin Shehu, don haka kusan kowane tsohon gida a cikinta daga wani wuri ya taso. Haka abin yake a ɓangarenmu. Iyakar da ta raba Nijar da Najeriya an yi ta jayayya a kanta tsakanin Faransa da Ingila a 1898 da 1904 da 1906, sannan tsakanin 1906 da 1908 aka bi daji ana kafa alamomi. Kafin nan da shekaru masu yawa sarakunan Katsina da jihadi ya kora sun riga sun zauna a Maraɗi, na Gobir a Tsibiri, shi ya sa har gobe sarautar Maraɗi take amsa sunan Katsina. Dattawanmu da ke cewa ƙasar Faranshi da ƙasar Ingilishi sun fi mu fahimtar abin, sun san sunayen masu gida biyu ne da suka raba gona ɗaya. In da asalin uba za a bi a kori mutane, to daga Gaya har Bosso motocin jami'an shige da fice ba za su huta ba.

Shugaba Darman ya koma kujerarsa ya ci gaba da siyasarsa. Jam'iyyarsu ta rarrabu kafin zaɓen 1983, NPN ta karɓe Borno, sannan a ranar 31 ga Disamban wannan shekara sojoji suka kifar da gwamnatin Shagari. Ya rasu a 2010. Shagari ya rasu a 2018, Bello Maitama Yusuf kuma a 2023. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya, ba don mu ci mutuncin mamaci muka kawo zancen ba.

Abin tambaya a nan shi ne, mene ne ya ceci wannan mutum? Gaskiya tana gefensa, ba shakka, amma gaskiya ba ta tuƙa mota ta je Chadi ta ɗauko mutum. Yana da jam'iyya mai gwamnatin jiha a hannu, yana da lauyoyi, jaridun Legas da Ibadan suna neman abin da za su soki NPN da shi, mahaifiyarsa tana raye, ga kuma alƙalin da bai ji tsoron gwamnatin tarayya ba. A cire biyu daga cikin waɗannan, da wataƙila a Chadi zai ƙare rayuwarsa. Shaida kuwa ba ta yi nisa ba. Shekara uku bayan haka, a ranar 17 ga Janairun 1983, lokacin da kuɗin man fetur ya ja baya, ana kuma ɗora wa baƙi laifin rikicin Maitatsine na Kano, gwamnatin nan dai ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasar. Mutanen Gana ne suka fi yawa, kimanin miliyan ɗaya, amma ƴan Nijar da Chadi da Kamaru masu yawan gaske suna ciki, masu gadi da ƴan ga-ruwa da ƴan tireda. Wa ya tsaya ya tambayi kowannensu inda aka haifi mahaifiyarsa? Wace kotu ta zauna dominsu? Kafin wannan, a watan Nuwamban 1969, gwamnatin Busia a Gana ta yi irin wannan kora, ta faɗa kan mazauna zango, ciki har da Hausawa ƴan kasuwar goro da shanu waɗanda a can aka haife su, suka sayar da rumfunansu da arha suka kamo hanyar ƙasar da wasunsu ba su taɓa gani ba.

Makamin da aka ɗaga wa Shugaba Darman bai koma kube ba. A Zambiya an gyara tsarin mulki a 1996 don a hana Kenneth Kaunda takara saboda iyayensa daga Malawi suka fito, mutumin da ya mulki ƙasar shekara 27. A Kodebuwa an hana Alassane Ouattara tsayawa a 2000 da sunan asalinsa na Burkina Faso ne, kuma duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Abijan ya san jinin da ya zuba daga 2002. A Najeriya, a shari'ar zaɓen 2019, jam'iyyar APC ta gaya wa kotu cewa Atiku Abubakar ba haifaffen ɗan Najeriya ba ne, wai don an haife shi a Jada a 1946, kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigo da yankin cikin Najeriya. Mutumin da ya yi mataimakin shugaban ƙasa shekara takwas ke nan.

Kada mu ma a Nijar mu ɗauka hannunmu a wanke yake. A watan Oktoban 2006 gwamnati ta sanar cewa za ta mayar da Larabawan Mahamid na jahar Difa zuwa Chadi, sai da aka yi ta surutu a ciki da waje sannan ta janye bayan ƴan kwanaki. A zaɓen 2020 abokan hamayya sun kai ƙara cewa Mohamed Bazoum ba ɗan asalin Nijar ba ne, kotun tsarin mulki ta yi watsi da ƙarar, amma maganar ta riga ta shiga tasha da kasuwa, kuma da yawa daga cikinmu sun ji daɗin maimaita ta. Daga watan Oktoban 2024 kuma hukumomin soja sun fara janye wa wasu mutane zama ɗan ƙasa na wucin gadi, bisa zargin cin amanar ƙasa da makamantansa. Mun sani wannan ya bambanta da na Borno, domin a nan aikin da ake zargin mutum da shi ake dubawa, ba asalin ubansa ba. Duk da haka ra'ayinmu ɗaya ne a kan duka biyun: wanda ake zargi da laifi a kai shi gaban alƙali, in an same shi da laifi a hukunta shi, amma raba mutum da ƙasarsa abu ne mai nauyin da bai kamata sa hannun mutum ɗaya ya isa a yi shi ba, ko wane ne ke kan mulki.

Akwai kuma wanda muke yi da bakinmu. Ana rikicin shugabancin ƙungiyar ƴan kasuwa, ko rabon rumfuna, ko sarautar sarkin tasha, sai ka ji wanda ya ga zai sha kaye ya ce ai wane ba ɗan ƙasa ba ne, ubansa daga ƙetare ya zo. A Jibiya a ce masa ɗan Nijar, a Ɗan Isa a ce masa ɗan Najeriya. Wanda ya faɗi wannan magana yau don ya samu rumfa, ya tuna cewa jami'in da ke tsaye a gefe yana saurare, kuma gobe shi ma za a tambaye shi garin kakarsa.

Dalilin da ya sa muka ga maganar ba ta jira shi ne, rumfar da ta daɗe tana yi wa marasa takarda inuwa ta fara yoyo. Tun yarjejeniyar da ƙasashen CEDEAO, wadda maƙwabta ke kira ECOWAS, suka sa wa hannu a 1979, ɗan kowace ƙasa a cikinta yana da damar shiga wata ba tare da biza ba har kwana 90. An sha taka wannan yarjejeniya, kun ga rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, kun ga na Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kun ga na bayan juyin mulkin Yulin 2023 wanda Najeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai a Maris na 2024. Amma duk da haka akwai takardar da mutum zai kafa hujja da ita. A ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar. A lokacin ɓangarorin biyu kowanne ya yi alkawarin barin jama'a su ci gaba da zirga-zirga, amma alkawari ne da kowane ɓangare zai iya janyewa ranar da ya ga dama. A cikin wannan wata kuma hukumomin Nijar suka fitar da sabuwar doka a kan shigowa da zaman baƙi. A Najeriya tun ƙarshen 2020 aka ɗaure layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, bankuna ma suna neman ta. Zamanin da sanin fuska da ɗan abin shan ruwa ke wuce da mutum kowane shinge yana ƙarewa, kuma ko a da ɗin, kun fi mu sanin nawa rashin takarda ke cinye muku a kowace tafiya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan kasuwa zai iya gaya maka farashin buhun wake a Dawanau da na albasa a Galmi ba tare da ya duba littafi ba, amma ka tambaye shi takardar haihuwar ƴarsa sai ya ce tana wajen uwarta, ita kuma uwar ta ce ba a yi ba. A Nijar matakin farko shi ne a kai sanarwar haihuwa ma'aikatar magajin gari ko cibiyar da aka tanada a asibiti ko wajen maigari, cikin wa'adin da doka ta yanka. Wanda wa'adi ya wuce shi sai ya je kotu da shaidu, alƙali ya ba shi hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa. Da wannan, tare da takardun iyaye, ake neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa, wadda ita ma kotu ke bayarwa. Mutane da yawa suna ɗauka katin zaɓe ko katin ƙungiya ya isa, alhali ranar da aka yi gardama ba su alƙali zai nema ba. A Najeriya hukumar ƙidayar jama'a ce ke rajistar haihuwa, ƙaramar hukuma kuma ke ba da takardar asali.

Muna so iyaye maza su lura da wani abu a shari'ar Maiduguri. Uwa ce ta ceci ɗanta. A dokar Najeriya da ta Nijar duka, a yau uwa tana ba ɗanta zama ɗan ƙasa kamar yadda uba ke bayarwa. To amma wa aka fi bari ba takarda a gidajenmu? Ƴaƴa mata. Ana yi wa namiji don zai shiga makaranta ko zai yi tafiya, ita kuwa a ce aure za ta yi. Sai a aurar da ita ƙetaren iyaka, ta haifi ƴaƴa takwas, shekara 40 bayan haka ɗanta yana neman ya tabbatar da asalinsa ta wajenta, babu ko layi ɗaya a rubuce da ke nuna a wane gari aka haife ta, shaidun da suka halarci sunanta kuma duk sun kwanta dama. Shugaba Darman ya yi sa'a tasa uwar tana raye.

Sai kuma maganar masu takardu biyu, wadda kowa ya sani amma ba a faɗa. Tsarin mulkin Najeriya bai hana haifaffen ɗan ƙasa riƙe wata ƙasa ta biyu ba, Nijar ma ta halatta hakan tun gyaran dokar 2014. Saboda haka wanda ke da haƙƙi a ƙasashen biyu ta wajen uwa da uba ba shi da dalilin ɓoyo, sai ya bi hanya ya nemi kowacce da sunansa na gaskiya. Abin da ke jefa mutane cikin rami shi ne sayen takarda a hannun ɗan kamasho: a nan sunansa Isufu an haife shi wajejen 1975 a Madarunfa, a can sunansa Yusuf an haife shi 1980 a Batsari, sunan uba ma ya canza. Yanzu da ake ɗaukar hoton yatsu ana ajiyewa a kwamfuta, waɗannan takardu biyu kowacce shaida ce a kan ƴar'uwarta. Mai irin wannan, ranar da aka tuhume shi, da hannunsa ya ba jami'i hujjar cewa ɗaya ƙarya ce, kuma jami'in ne zai zaɓi wacce.

Jihohi bakwai na Najeriya ne ke iyaka da Nijar, Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno, kuma kowace kasuwar kan iyaka a cikinsu tana da ɗan majalisar jiha da ke wakiltarta. Mun riga mun faɗa cewa ba su da iko da shige da fice, don haka ba ma neman su buɗe iyaka ko su rufe. Amma dokokin ƙananan hukumomi a hannunsu suke, kuma a ƙananan hukumomi ne ake hana wanda aka haifa a gari, aka haifi mahaifiyarsa a gari, takardar asali don kawai an ce ubansa daga Nijar ya zo, yayin da wani mai kuɗi ke samun tasa cikin yini ɗaya. Kasafin kuɗin jiha ma su ke amincewa da shi, suna iya ware abin da zai kai ma'aikatan rajistar haihuwa ƙauyukan kan iyaka. Masu karatunmu na wancan gefe da ke da ƙuri'a, idan mai neman wannan kujera ya zo rumfarku da buhun shinkafa da atamfa, ku tambaye shi ko ya taɓa jin sunan Shugaba Darman, ku kuma tambaye shi abin da zai yi a kan takardar asali.

A namu gefen, kotuna sun saba fita zaman tafi-da-gidanka, inda alƙali ke zuwa ƙauye da magatakardansa ya ba da takardun haihuwa ga jama'a da yawa a zama ɗaya. Galibi makarantu ake nufa da shi, saboda yara masu jarrabawa. Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na direbobi da sarakunan tasha na Ƙonni da Ɗan Isa da Ɗan Barto da Magarya da Gaya su rubuta wa kotun yankinsu su nemi a yi irin wannan zama a ranar kasuwa, a cikin kasuwa, su ɗauki nauyin rumfa da kujeru da sanarwa a gidajen rediyo daga asusun da suke tarawa duk mako. A fara da tsofaffin mata, tun shaidunsu suna raye.